Kaka-gida a Gidan da Bashi Ya Ci da Jinginar Ƙarya: Wa Ya Cancanci Hukunci a Jega, Aliero da Maiyama?

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi abubuwa biyu da kan biyo baya idan bashi ya ci gida ko gona: ƙin tashi daga wurin bayan an yi gwanjonsa, da fito da takardar ƙarya mai cewa wurin yana jingine a hannun wani tun da farko. An ɗora nazarin a kan ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama na Jihar Kebbi. Hanyar da aka bi ita ce ƙwanƙwance dokokin da ke aiki a yankin tare da fiƙihun Malikiyya, sannan a auna su da matakan da Legas da Ingila da Amurka suka ɗauka. Maƙalar ta nuna cewa dokokin hukunci suna nan birjik, amma babu rajistar da za ta nuna wanda ya riga wani karɓar jingina. Ta ba da shawarar a fara da rajista, a tsananta wa mai takardar jabu da mai shiga da ƙarfi, a kuma bar wanda talauci ya kayar a hannun kotun ƙararrakin jama'a.

1.0 Gabatarwa

Ranar da aka buga ƙararrawar gwanjo, mai saye yakan ɗauka magana ta ƙare. Sau da yawa a nan ne take farawa. Ko dai ya tarar mutanen gidan sun ce ba inda za su, ko wani ya ɓullo da takarda yana cewa shi ne ke riƙe da wurin a jingine shekara da shekaru. Daga nan sai zarya tsakanin ofishin 'yan sanda da fadar uban ƙasa da kotu, har kuɗin shari'a ya kusa cin darajar gidan.

A wasu ƙasashe an mayar da waɗannan ayyuka manyan laifuka masu ɗauri. Tambayar da wannan maƙala ke son amsawa ita ce: idan Jihar Kebbi za ta bi wannan hanya, wa ya kamata hukuncin ya hau, kuma me ya kamata a tanada kafin a kai ga ɗauri?

2.0 Yankin Nazari da Yadda Bashi Ke Cin Ƙasa

Jega da Aliero da Maiyama suna cikin masarautar Gwandu, a jihar da aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991. Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato zuwa Yawuri da Kontagora ta ratsa dukkansu. Jega, wadda Buhari ɗan Abdussalami ya kafa a ƙarni na 19, ta yi suna da kasuwa tun zamanin Daular Usmaniyya. Aliero ta shahara da albasa da gwanayen ɗori, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha da aka kafa a 2006, wadda ta ɗaga darajar filaye da gidajen haya. Maiyama ƙasar noma ce, dukiyar mafi yawan mutanenta gona ce.

Tattalin arzikin da ya dogara ga noman rani da fatauci ba ya rabuwa da bashi. Manomin albasa yana buƙatar iri da taki da man injin ban-ruwa watanni kafin ya ga ko sisi, kuma farashi yakan faɗi daidai lokacin da kowa ya kwashe. Ambaliyar 2020 ta cinye shinkafa mai yawa a jihar, cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma ya ninka tsadar ban-ruwa. Shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya, wanda aka ƙaddamar a Jihar Kebbi a Nuwamba 2015, ya shigar da dubban manoma cikin hulɗa da banki a karon farko.

Jingina iri biyu ce ke gudana a nan. Akwai ta banki, wadda ake yi da takardar shaidar mallaka ta gwamna, da lauya, da rajista. Akwai kuma ta gargajiya, wadda ta fi yawa nesa ba kusa ba: mai gona ya karɓi kuɗi, ya miƙa gonar ga mai kuɗin yana nomawa har ranar fansa, shaidu su ne maƙwabta da mai unguwa, wani lokaci da 'yar takarda da aka rubuta a zaure. Babu wani littafi guda da waɗannan jingina biyu suke haɗuwa a cikinsa. Banki bai san abin da aka ƙulla a zaure ba, mai kuɗin ƙauye kuma bai san abin da aka sa wa hannu a Birnin Kebbi ba. Ta wannan kafa ce rigingimun ke shigowa.

3.0 Abin da Dokar Ƙasa Ta Tanada

3.1 Kafin a yi gwanjo

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Sashe na 22 ya hana jinginar da filin da ke da takardar gwamna sai da yardarsa, sashe na 21 ya buƙaci yardar ƙaramar hukuma ga filayen gargajiya, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa wannan ba shi da inganci. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 1989 a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, inda banki ya rasa ikon sayar da gidan da aka jinginar masa saboda ba a nemi yardar gwamna ba. Darasin a fili yake: ba kowane gwanjo ne halastacce ba, don haka ba kowane mai ƙin tashi ne mai laifi ba.

Tsohuwar dokar cinikin ƙasa ta Ingila ta 1881, wadda jihohin Arewa suka gada, ba ta ba mai bin bashi ikon sayarwa ba sai an cika ɗaya daga sharuɗɗa: an ba da sanarwa an yi wata 3 ba a biya ba, ko kuɗin ruwa ya yi wata 2 a makare, ko an karya wani sharaɗi na yarjejeniyar. Idan kuwa kotu ce ta yi umarnin sayarwa, dokar zartar da hukunci ta ce a fara da kayan da ake iya ɗauka kafin a taɓa gida, ta kuma ba da kwana 21 bayan gwanjo domin wanda ke ganin an yi ba daidai ba ya nemi a soke.

3.2 Laifin kutse

Kundin Finalkod na 1959, wanda ya fara aiki a Arewa a 1960, shi ne uwar dokokin laifi na yankin. Jihohi sun sake tsara shi, Kaduna a 2017, Kebbi ma daga baya, saboda haka lambobin da za a ambata na asalin kundin ne. Sashe na 342 ya bayyana kutse da cewa shiga wurin da ke hannun wani, ko ci gaba da zama a cikinsa ba bisa ƙa'ida ba, da niyyar aikata laifi ko tsoratarwa ko cin mutunci ko muzgunawa ga wanda wurin ke hannunsa. Sashe na 348 ya yanke ɗaurin da bai wuce shekara 1 ba, ko tara, ko duka biyun.

A lura da sharaɗin farko: wurin ya kasance a hannun wani. Wanda ya sayi gida a gwanjo ya sami mallaka, amma gidan bai shiga hannunsa ba sai ma'aikatan kotu sun damƙa masa. Kafin wannan rana, tsohon mai gidan ne ke riƙe da shi, kuma mutum ba ya yin kutse a wurin da ke hannunsa. Amma idan an fitar da shi bisa umarnin kotu, an ba mai saye makulli, sannan ya dawo da dare ya ɓalle kwaɗo, to ya haɗa laifi biyu: kutse da raina kotu. Wannan bambanci shi ne ake yawan tsallakewa idan an kai ƙara caji ofis, duk da cewa sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum a kan rigimar bashi ko karya yarjejeniya kawai.

Mai saye ma doka ta ɗaure shi. Tun a shari'ar Gwamnan Soja na Legas da Ojukwu a 1986, Kotun Ƙoli ta yi tir da ɗaukar doka a hannu, ko da gwamnati ce ta yi. Wanda ya ɗebo 'yan daba suka kware rufin gida domin mutanen ciki su fice, shi ne mai laifin, ko da takardunsa sun cika.

3.3 Takardar jabu

A nan doka ba ta da sassauci. Sashe na 364 na Finalkod ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 14 ga mai ƙirƙirar takardar jabu, sashe na 366 kuma ya daidaita wanda ya yi amfani da ita yana sane da wanda ya rubuta ta. Shaidar zur a gaban kotu ma laifi ce mai ɗauri. Wanda ya jinginar da gona ɗaya ga mutum biyu ya karɓi kuɗinsu zai iya faɗawa ƙarƙashin dokar tarayya ta yaƙi da damfara ta 2006, mai ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ba zaɓin tara. Ita kanta Dokar Amfani da Ƙasa, a sashe na 37, ta hukunta wanda ya kai wa gwamna ko ƙaramar hukuma da'awar ƙarya a kan fili da ɗaurin shekara 1 ko tarar naira 5,000. A 1978, lokacin da naira ta fi dala daraja, wannan tara ce mai nauyi. A yau ba ta sayen buhun taki ɗaya.

Jinginar ƙarya takan zo da fuskoki da aka sani. Wanda ake bi bashi ya haɗa baki da abokinsa su rubuta takarda su sa mata tsohuwar rana. Ko a ranar da ma'aikatan kotu suka zo, wani ɗan'uwa ya shigar da ƙorafi cewa gidan nasa ne, domin doka ta ce a dakata a saurari duk wanda ya yi da'awar kayan da aka kama. Ko a wayi gari an rubuta a jikin bango cewa gidan ba na sayarwa ba ne, akwai shari'a a kansa, alhali babu. Wahalar ita ce kowace daga cikin waɗannan tana da 'yar'uwarta ta gaskiya. Akwai gidajen gado da ba a raba ba waɗanda babban wa ya kai banki ba da sanin ƙannensa mata ba. Akwai wanda ya ba da kuɗinsa na halas a zaure shekara goma da suka wuce. Alƙalin da ba shi da rajistar da zai duba, da me zai raba mai gaskiya da maƙaryaci, alhali takardunsu iri ɗaya ne?

4.0 Abin da Fiƙihun Malikiyya Ya Tanada

Ƙasar Gwandu ba baƙuwar wannan bahasi ba ce. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi na musamman, Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da ƙasa ke zama mallakar mutum, kuma tun 2000 Jihar Kebbi ta faɗaɗa aikin kotunan shari'ar Musulunci. Mafi yawan rigingimun gona da gado a Jega da Aliero da Maiyama a gaban alƙalan nan ake fara su.

Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi a aya ta 282, ta ambaci jinginar da ake karɓa a hannu a aya ta 283, ta kuma yi umarni da jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci a aya ta 280. A kan wannan harsashi malaman Malikiyya suka gina ƙa'idoji huɗu da suka shafi batunmu kai tsaye.

Ta farko, jingina ba ta cika sai an karɓe ta a hannu, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ta sharɗanta cewa shaidu su ga karɓar da idonsu. Amsa bakin wanda ake bi bashi kaɗai ba ya wadatarwa, domin ana tuhumarsa da haɗa baki don ya kuɓutar da dukiya daga sauran masu binsa. Wannan ita ce garkuwar da fiƙihu ya yi wa mutane daga jinginar ƙarya fiye da shekara dubu da suka wuce.

Ta biyu, jingina ba ta zama mallakar mai riƙe da ita don kawai wa'adi ya cika. Sai an sayar, ya ɗauki haƙƙinsa, a mayar wa mai ita ragowar. Muhtasar na Shaihu Halil ya nuna cewa idan alƙali zai sayar da dukiyar wanda bashi ya yi wa katutu, yana gaggauta sayar da dabbobi, amma gida da gona ana saurara musu kamar wata 2 domin a sami farashi mai kyau, kuma ana bar masa abin ci da tufafi.

Ta uku, wanda ya ƙwace wuri da ƙarfi ana ladabtar da shi, ya mayar da wurin, ya kuma biya abin da ya ɓata. Mai shaidar zur kuwa ana yi masa horo a bainar jama'a tare da shela.

Ta huɗu ita ce hauzi. Wanda ya riƙe wuri shekara 10 yana sarrafa shi kamar nasa, mai da'awa yana gari yana gani bai ce uffan ba, kuma babu abin da ya hana shi magana, to ba a sauraron da'awarsa. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo. Sai dai hauzi ba ya amfanar wanda ya shiga da aro ko haya ko jingina. Gargaɗin a nan na mai sayen gwanjo ne da ya bar gida a yashe: shirunsa na iya zama hujja a kansa.

5.0 Abin da Wasu Wurare Suka Yi

Ingila ta mayar da zama a gidan kwana na wani ba izini laifi tun 1 ga Satumba, 2012, da ɗaurin wata 6. Amma dokar ta ware wanda ya shiga da haya ya ci gaba da zama bayan hayar ta ƙare, wato ta auna baƙon da ya kutsa ne kawai. A Amurka, rikicin bashin gidaje na 2008 ya bar ɗimbin gidaje a rufe, wasu suka riƙa shiga da takardun ƙarya. A 2024 Jihar Fulorida ta ba jami'an tsaro ikon fitar da irin waɗannan cikin gaggawa, ita ma ta ware 'yan haya da dangi na kusa. Game da jinginar ƙarya, dokar tarayyar Amurka ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 10 ga wanda ya shigar da da'awar bashi ta ƙarya a rajista a kan dukiyar alƙali ko jami'in gwamnati domin ramuwa.

A gida Nijeriya, Legas ta yi dokar kare dukiyoyi a 2016, da ɗaurin shekara 10 ga mai ƙwace fili da ƙarfi, da shekara 5 ko tarar naira miliyan 5 ga mai mamaya da ya ƙi fita bayan an nemi ya fita. A matakin tarayya kuma, dokar 2017 ta kafa rajistar jinginar kayan da ake iya ɗauka a ƙarƙashin Babban Banki, amma ba ta shafi gida da gona ba.

Akwai bambancin da ya kamata a kiyaye kafin a kwaikwayo. A Amurka da Ingila kusan kowane gida yana cikin rajista, jami'i zai duba ya san mai shi cikin ɗan lokaci. A Maiyama, gonar da ta wuce hannun kaka da uba da jika ba ta taɓa shiga wani littafi ba. Idan aka ba ɗan sanda ikon fitarwa da kamawa a irin wannan yanayi, wanda ya riga kai ƙara, ko wanda ya fi kuɗi, shi zai zama mai gaskiya.

6.0 Mutum Uku, Hukunci Uku

Daga abin da ya gabata, mutum uku ne ake cakuɗawa a ƙarƙashin suna ɗaya. Na farko shi ne tsohon mai gida da iyalinsa, waɗanda ba su tashi ba don ba su da wurin zuwa, ko don suna ƙalubalantar gwanjon. Maganarsa ta kotun ƙararrakin jama'a ce: a ba shi wa'adi, idan ya cika ma'aikatan kotu su fitar da shi. Ɗaure shi ba zai biya bashin ba, sai dai ya bar mata da yara a titi. Na biyu shi ne wanda ya shiga bayan an damƙa gida ga mai saye, baƙo ne ko tsohon mai gidan ne ya dawo. Wannan mai kutse ne, dokar da ke akwai ta ishe shi. Na uku shi ne mai takardar jabu, tare da wanda ya rubuta masa, da shaidun da ya saya, da duk wanda ya buga hatimi yana sane. Shi ne ya fi kowa ɓarna, domin ya cuci mai bin bashi, ya cuci mai saye, ya kuma sa an daina yarda da takardun masu gaskiya. Idan aka daina yarda da jingina, manomin da ke neman jarin noman rani shi ne zai fara ji a jikinsa.

7.0 Shawarwari

Na ɗaya, kowace daga ƙananan hukumomin uku ta buɗe littafin jingina a ofishin filaye, da reshe a fadar kowane uban ƙasa. A rubuta sunayen ɓangarorin, da iyakokin wurin, da adadin kuɗi, da shaidun da suka ga karɓa, a kan kuɗi kaɗan, a kuma haɗa shi da rajistar filaye ta jiha domin banki ya iya dubawa.

Na biyu, a ba da wa'adin shigar da tsofaffin jingina. Bayan wa'adin, wadda ke cikin littafi ta riga wadda ba ta ciki.

Na uku, kada banki ya karɓi gidan gado sai da takardar rabon gado daga kotu ko sa hannun dukkan magada, mata da maza.

Na huɗu, Majalisar Dokokin Jiha ta fito da laifi na musamman a kan da'awar jingina ta ƙarya, da ɗauri da biyan diyyar asarar da jinkirin ya jawo. Gyaran tarar naira 5,000 ba a hannunta yake ba, domin sashe na 315 na Tsarin Mulkin 1999 ya killace Dokar Amfani da Ƙasa, amma yin dokar laifi ta jiha haƙƙinta ne.

Na biyar, dokar ta faɗa ƙarara cewa ba a tuhumar tsohon mai gida da kutse sai bayan kotu ta damƙa wurin ga mai saye, kuma mai fitar da mutane da ƙarfi ba umarnin kotu shi ma mai laifi ne.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa Finalkod da dokokin tarayya da fiƙihun Malikiyya duk sun tanadi hukunci ga mai kutse da mai takardar jabu, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya ɗauki kasa biyan bashi a matsayin laifi. Abin da ke hana hukuncin aiki a Jega da Aliero da Maiyama shi ne rashin hujjar da alƙali zai dogara da ita. Saboda haka jerin aikin shi ne rajista tukuna, sannan rarrabe masu laifi, sannan tsananta hukunci. Mataki na farko kuwa ba ya jiran gyaran Tsarin Mulki: sashe na 21 ya riga ya ce jinginar filin gargajiya tana buƙatar yardar ƙaramar hukuma, don haka shugabannin ƙananan hukumomin uku suna da hurumin buɗe littafin tun daga bana.